Shirun ƙwai ba mutuwa ba ce: abin da zuciyar ɗan tsako ke yi kafin ya fasa ɓawo

'Yan uwa mazauna Kudu, na Sabo Ibadan da Agege da Mile 12 da Shagamu, har zuwa Lokpanta da Fatakwal. Daga Gwarinpa nake rubuto muku, nan Abuja. Yau ba maganar farashin shanu ko kuɗin mota na kawo ba, maganar ƙwai ce, kuma sai da na kashe 'yan tsaki 5 da hannuna kafin na fahimce ta. Na san da yawa cikinmu yanzu an shiga kiwon kaji a bayan gida ko a bayan shago, ƙananan injinan ƙyanƙyasa sun yi araha, matan aure ma suna saye. To kada wani ya maimaita abin da na yi.

Bara da hunturu na sayi injin mai cin ƙwai 56, irin na roba ɗin nan mai juya ƙwai da kansa, na ajiye a ɗakina. Na cika shi da ƙwan kajin gida da na tattaro wajen mutane. Komai na tafiya daidai har daren kwana na 20. Wajen ƙarfe 11 aka ɗauke wuta, janareta ba mai, batirin da nake taƙama da shi kuma ya mutu kafin asuba. Da na tashi sallah na taɓa ƙwan, sanyi ƙalau. Da yammacin jiya ina jin kukansu ƙasa-ƙasa daga cikin ɓawo, yanzu tsit kake ji. Guda 9 sun riga sun huda, ana hango ɗan bakinsu ta ramin, amma ba motsi.

Hankalina ya tashi. Na ce waɗannan numfashi ne ya gagare su, bari in taimaka. Na ɗauki tsinken tsintsiya na fara ɓarewa. Na farko, jini. Na biyu, jini. Wallahi ban daina ba sai da na ɓare 5. Kowanne ya fito jage-jage, gwaiduwa na reto a cibiyarsa, ya ɗan buɗe baki sau biyu ya mutu. Baba ne ya ceci sauran bai ma sani ba, don a lokacin ya ƙwala min kira mu wuce kara a Dei-Dei, akwai tirelar shanu da za a sauke. An dawo da wuta da hantsi ina can. Da na dawo bayan magariba na tarar huɗun nan da ban taɓa ba sun fito suna bushewa, washegari kuma sauran suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da na ba Baba labari, kallona kawai ya yi ya ce, "Kai da ka tashi cikin shanu, ka taɓa ganin an ja ɗan maraƙi kafin naƙuda ta nuna?"

Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na shiga bincike da karance-karance. Tambayoyina biyu ne. Me ya sa suka yi shiru alhali suna da rai? Kuma jinin nan daga ina, tunda ban taɓa jikinsu ba, ɓawo kawai na ɓare? Ashe amsar duka biyun tana wajen zuciya.

Zuciya ita ce gaɓa ta farko da ke fara aiki a cikin ƙwai. Tun a rana ta 2 da fara ɗumi take fara bugawa, lokacin da babu ido sosai, babu ƙafa, babu fiffike, ita kanta ba ta wuce ɗan bututu lanƙwasasshe ba. A rana ta 3 zuwa ta 4, idan ka shiga ɗaki mai duhu ka ɗora ƙwan a kan tocilar wayarka, za ka ga wani abu kamar gizo-gizo ja, jijiyoyi sun bazu, a tsakiya kuma ɗan ɗigo yana motsi. Zuciyar ke nan. Ƙwai mai farin ɓawo ya fi nunawa, na zabi kuwa da wuya, ɓawonsa kauri gare shi. Ba yau aka fara ganin wannan ba. Aristotal na ƙasar Girka, sama da shekara 2,300 da suka wuce, ya riƙa fasa ƙwai kwana-kwana yana dubawa, ya rubuta cewa bayan kwana 3 akwai ɗigon jini mai tsalle kamar mai rai. A 1651 likitan Ingila William Harvey, wanda ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki, shi ma ya fitar da littafi da ya bi girman ɗan tsako a cikin ƙwai.

Gudun zuciyar ne zai ba ka mamaki. Ta mutum baligi yana zaune tana buga 60 zuwa 100 a minti. Ta saniya ƙasa da haka kaɗan, wajen 50 zuwa 80. Jariri a cikin uwa, wanda ake sa wa na'ura a asibiti ana jin fat-fat-fat, 110 zuwa 160 ne. Ta ɗan tsako kuwa tana farawa a hankali, ta yi ta hawa cikin mako na farko, kafin tsakiyar kwanci ta kai tsakanin 250 da 280 a minti ɗaya. Wato fiye da bugu 4 a kowace daƙiƙa. Na buga lissafi a waya, daga rana ta 2 zuwa ta 21 bugun ya haura miliyan 6, duk a cikin abin da za ka rufe a tafin hannunka.

To me take ta turawa haka da gudu? A nan ne amsar tambayata ta biyu take. Ɗan tsako a cikin ƙwai ba da huhu yake numfashi ba. Ɓawon nan da muke gani sumul yana da ƙananan huji wajen 10,000, ido ba ya ganinsu. Tun kwanakin farko wani tantani mai cike da jijiyoyin jini ke tsirowa daga cibiyar ɗan tsakon, ya yi ta shimfiɗuwa a jikin ɓawo ta ciki, zuwa wajen kwana 11 ko 12 ya lulluɓe kusan ko'ina. Zuciya na tura jini ya fita ta cibiya, ya zagaya wannan tantani, ya ɗauki iskar oksijin da ke shigowa ta hujin ɓawo, ya sauke gurɓatacciyar iska, ya dawo. Aikin da mahaifa ke yi wa ɗan maraƙi a cikin saniya, shi tantanin nan ke yi, bambancin kawai shi daga iskar waje yake ja, ba daga jinin uwa ba. Masu bincike sun auna cewa ƙwan kaza ɗaya na shan kusan lita 6 na oksijin cikin kwana 21.

Ka ga ke nan, wani kaso na jinin ɗan tsako ba a cikin jikinsa yake ba, yana waje, manne da ɓawo. Lokacin da na sa tsinke ina ɓarewa, huhunsa na wucin gadi nake yagawa. Jinin da na gani nasa ne, kuma ɗan tsako ba shi da jinin da zai yi asara.

Wasu masana a Japan, ƙarƙashin wani farfesa mai suna Hiroshi Tazawa na jami'ar fasaha ta Muroran, sun shafe shekaru suna auna bugun zuciyar 'yan tsuntsaye iri-iri a cikin ƙwai ba tare da sun fasa ba. Dabarunsu sun burge ni. Ashe duk bugu ɗaya ƙwan gaba ɗayansa yana ɗan girgiza, girgizar da hannu ba zai ji ba amma na'ura na kamawa. Wata dabarar kuma, su manna ƙaramar makirfo a jikin ɓawo ta riƙa ɗaukar ɗan canjin iskar da ke bi ta hujin nan daidai da bugun. Yanzu har akwai na'urar sayarwa mai suna Buddy da masu kiwon tsuntsaye masu tsada ke amfani da ita, ka ɗora ƙwai ta nuna maka lamba. Mu dai tocila ce tamu.

Abin da aka gano shi ne bugun ba layi ɗaya yake bi ba. A farko zuciyar na tafiya ne kamar injin markaɗe, sauti ɗaya, ba hawa ba sauka, babu mai ba ta umarni. Daga wajen kwana 13 zuwa 14 sai a fara ganin tana ɗan rage gudu farat ɗaya ta koma. Bayan 'yan kwanaki kuma sai a fara ganin tana ɗan ƙara gudu ta dawo. Wannan alama ce jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa sun fara kama linzami, birki ya fara ci, daga baya totur ma ya fara amsawa. Ni da farko na ɗauka bugu mai canzawa ciwo ne. Ashe a nan alamar girma ce, ɗan tsako na gwada kayan aikin da zai buƙata ranar fita.

Daga wajen kwana 16 zuwa 18 kuma sai gudun ya tsaya cak, har ya ɗan sauka. Dalili a bayyane yake in ka duba. Jiki na ƙara girma, buƙatar iska na ƙaruwa, amma hujin ɓawo ba sa ƙaruwa, yadda kaza ta saka shi haka yake. An kai maƙura. A ɓangaren ƙwai mai faɗi akwai wani aljihun iska, wanda kowa ke gani idan ya ɓare dafaffen ƙwai, wurin nan da ya loɓa. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100. A cikin aljihun nan, gab da hudawa, tana sauka zuwa wajen kashi 14, gurɓatacciyar kuma ta hau zuwa wajen kashi 6. Ɗan tsako ya shiga matsi, kuma matsin nan na cikin abin da ke ingiza shi ya nemi hanya.

Yanzu mu zo kwana biyun ƙarshe, inda ake yin asara. A wajen kwana 18 ɗan tsako ya gama gyara kwanciya, kansa na ɓangaren mai faɗi, ya cusa shi ƙarƙashin fiffiken dama, baki na kallon aljihun iska. A kan bakin akwai ɗan ƙaho ƙarami mai tauri wanda ke faɗuwa bayan 'yan kwanaki da fitowa, a ƙeyarsa kuma akwai wata tsoka da ke kumbura musamman don wannan aiki. Tsakanin kwana 19 da 20 sai ya soki tantanin ciki, bakinsa ya shiga aljihun iska. Ɓawo bai fashe ba tukuna, daga waje ba ka ganin komai. Amma a nan ya ja numfashinsa na farko da huhu, kuma daga nan ne kake fara jin kuka daga cikin ƙwan da ba shi da ko tsaga.

Daga wannan lokaci yana numfashi ta hanya biyu a tare, huhu ya fara, tantanin ɓawo bai daina ba. Zuciya kuma aiki ya ninku mata. Kafin yanzu jini kaɗan ne ke bi ta huhu, akwai wasu hanyoyin ratse da ke kauce masa, jijiyoyi 2 da wasu ƙananan huji tsakanin ɗakunan zuciya na sama. Yanzu dole hanyoyin ratsen nan su fara tsukewa a hankali, jini ya karkata zuwa huhu, na cikin tantani kuma ya riƙa janyewa yana komawa jiki. A daidai lokacin, ragowar gwaiduwa na shigewa cikin ciki ta cibiya, cibiyar ta rufe. Bugun da ya ɗan sauka sai ya sake hawa.

Iskar aljihun ba ta da yawa, cikin sa'o'i ta ƙare. Sai ya daki ɓawo ya huda, wannan ɗan tsagin mai kama da tauraro da muke gani, galibi rabin yini zuwa yini guda bayan hudawar ciki. Iskar duniya ta shigo, bugun zuciya ya ƙara tashi, ya kusa 300 ko ya ɗan wuce, har ana iya ganin yana hawa da sauka daidai da numfashi. Sai kuma me? Sai ya kwanta ya yi shiru. Wannan shirun ne ke ruɗar mutane. Zai iya kai sa'a 12, wani har 24, ba abin da kake gani sai baki na ɗan motsi kamar yana tauna. Kai kana ganin ya gaji ya kasa, shi kuwa a ciki ana miƙa aiki ne daga hannu zuwa hannu, ana kwashe jini daga tantani, ana rufe cibiya. Sai an gama wannan, jijiyoyin sun bushe, sannan zai fara juyawa a cikin ɓawo yana sara, ya zagaye kamar mai buɗe gwangwanin madara, ya tura murfin ya fito. Wannan zagayen na ƙarshe sau da yawa ba ya wuce sa'a ɗaya ko biyu, kuma a nan zuciya ke gudun da ya fi kowanne.

Nawa biyar ɗin nan, a tsakiyar miƙa aikin na kutsa musu. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Saura tambaya ta farko, shirun da suka yi bayan ɗauke wuta. Ɗan tsako a cikin ƙwai bai iya riƙe zafin jikinsa ba, kusan kamar ƙadangare yake, zafin wurin da yake shi ne zafinsa. In ƙwai ya huce, zuciya na rage gudu, in ya ɗumama ta ƙara. A ƙiyasi, saukar zafi da digiri 10 na iya rage bugun zuwa kusan rabi. Motsi ya ragu, kuka ya tsaya, komai ya koma a hankali, amma rai na nan. Ai ita ma kaza mai kwanci tana sauka kullum ta ci ta sha ta yi birgima, ƙwan ya ɗan huce, ta dawo, ba abin da ya same shi. Sanyin sa'o'i kaɗan yawanci jinkiri yake kawowa, maimakon kwana 21 ka ga an kai 22. Ba ina cewa sanyi ba ya kisa ba ne, in ya daɗe ko ya yi ta maimaituwa yana kashewa, kuma waɗanda suka riga suka huda sun fi shiga haɗari. Amma ƙwai mai sanyi da shiru, ɗumi za ka mayar masa, ka ba shi lokaci. Kada ka zubar, kada ka fasa.

Wanda ya fi saurin kisa shi ne zafi. Injin na son digiri 37.5 zuwa 37.8. Ya haura 40 ya daɗe a haka, an fara asara. Kuma a makon ƙarshe ƙwan da kansu suna fitar da zafi. Shi ya sa abin da wasu ke yi idan an ɗauke wuta, su sa garwashi kusa da injin ko su kai shi cikin rana, ganganci ne in ba ma'aunin zafi a hannu. Lulluɓawa da bargo daidai ne, amma a bar hujin iska a buɗe. Ka tuna a kwana na 19 da 20 iskar ma ƙaranci take musu, in ka toshe ko'ina da bargo da leda don gudun sanyi, ka shaƙe su ne. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefe ta fi.

Akwai abin da ya shafe ku mutanen Kudu musamman, wanda ya bambanta da namu, shi ne laima. Aljihun iskar nan ba haka kawai yake girma ba, ruwan cikin ƙwai ne ke fita ta hujin ɓawo a hankali, iska na maye gurbinsa. Zuwa kwana 18 ana son ƙwai ya rage nauyi da kashi 12 zuwa 13 cikin 100. Takardar da ke zuwa da injin za ta ce maka laima ta zauna 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe, kuma a riƙa zuba ruwa a tire. Mu nan Abuja da Kano, lokacin hunturu, iska a bushe take ƙayau, dole mu zuba ruwa, in ba haka ba tantanin ya bushe ya ɗaure ɗan tsako kamar an naɗe shi da leda. Amma wanda ke Legas ko Fatakwal da damina, iskar ɗakinsa ma ta riga ta jiƙe. In ya bi takarda ido rufe ya cika tire tun ranar farko, ruwan ƙwai ba zai fita yadda ya kamata ba, aljihun iska ya zauna ƙarami, ɗan tsako ya kai baki don numfashin farko ya tarar da ruwa. Irin waɗannan ne kake fasawa a kwana 23 ka ga cikakken ɗan tsako da gashinsa, a mace, bai ko huda ba. Mutane su ce baki ne ko ƙwan ne ba kyau. Ka riƙa haskawa a kwana 7, 14 da 18 kana duba girman aljihun, zuwa 18 ya kamata ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. Shi zai gaya maka ko a ƙara ruwa ko a rage, ba takarda ba.

Wani ƙaramin kuskure mai tsada shi ne jera ƙwai da tsinin a sama. Ɗan tsako na kai kansa ɓangaren da ke sama, in ka kifa shi, sai ya je ya nemi aljihun iska a inda babu. Mai faɗin ne a sama, ko a kwantar da shi a gefe yadda kaza ke yi. Juyawa kuma a daina daga kwana 18, a rufe injin, a daina buɗewa kowane minti ana leƙe ana ɗaukar bidiyo.

Duk lissafin nan na kaza ne. Zabo na ɗaukar kwana 26 zuwa 28, shi ya sa iyayenmu a ƙauye in za su sa wa kaza ƙwan zabi ba sa haɗawa da nata rana ɗaya, don in nata suka fito za ta tashi ta bar sauran. Talo-talo 28. Agwagwar gida 35, kuma ita daga huda zuwa fita tana iya kai kwana 2, mai gaggawa ba zai iya da ita ba. Tattabara wajen 18, salwa 17 zuwa 18, jimina 42. Gudun zuciyar ma na bin girman ƙwai: ta ɗan jimina ba ta kai 200, ta ƙananan tsuntsaye kuwa na haura 300 nesa ba kusa ba. Su ƙananan da ke fitowa tsirara ido rufe, galibi bugunsu na ci gaba da hawa har ranar fita, ba su cika yin tsayawar nan da ɗan kaza ke yi ba, don su a gida za su ƙarasa girma, uwa na ba su a baki. Ɗan kaza da ɗan zabo kuwa sai sun gama shiri tsaf a ciki, tunda suna bushewa za su miƙe su bi uwa.

Abu ɗaya da ya ƙara ba ni mamaki, ashe suna jin juna. Bayan huhu ya fara aiki, kowane numfashi na fitar da ɗan sauti, ƙas-ƙas, in ka kara ƙwai a kunne za ka ji. Wata mai bincike a Kambirij ta Ingila, Margaret Vince, ta nuna tun shekarun 1960 cewa ƙwan salwa da ke jere suna taɓa juna na amfani da wannan sauti su daidaita lokacin fita, na baya ya ƙara sauri don ya cim ma 'yan uwa. Tun da na san haka, in na cire su daga tiren juyawa a kwana 18 nakan jera su suna gogar juna.

To shin ba a taimakawa ke nan sam? Ana yi, amma da sharaɗi. Sai ya wuce sa'a 24 da hudawa bai ƙara ko tsaga ɗaya ba, yana kuka da ƙarfi, tantanin da ake hangowa ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Sannan ka wanke hannu, ka ɗan ɓalli ɓawo kaɗan ta saman aljihun iska, ka jiƙa tantanin da ruwan ɗumi a kan auduga, ka kiyaye kada ruwa ya shiga hanci. Jiƙawar za ta nuna maka abin da ke ƙasa. In ka ga jajayen jijiyoyi a cike, zuciya ba ta gama kwashe kayanta ba, mayar da shi ka dawo bayan sa'o'i. In ka ga ɗigon jini ko ɗaya, tsaya nan take. Kuma ko ka buɗe saman, kada ka zaro shi daga rabin ƙasa, bar shi ya tura da ƙafarsa, don can ne cibiya take. Gwajin nan da ake yi na jefa ƙwai cikin ruwan ɗumi a ga ko zai motsa, kada a kuskura a yi wa wanda ya tsage.

Gwaiduwar nan da na gani tana reto a cibiyar nawa, ita ce guzurinsu. Wanda ya fito a kan lokaci ya shige da ita cikinsa, tana riƙe shi kwana 2 zuwa 3 ba ci ba sha. Da ita ce 'yan tsakin kwana ɗaya da ake lodawa a kwali daga Ibadan suke kwana a hanya, su iso Abuja ko Kano da safe suna kuka da ransu. Don haka wanda ya fito a injinka, bar shi a ciki ya bushe sosai, zuwa yini guda ba yunwar da za ta kama shi, kuma buɗewar da za ka yi don ciro shi na iya busar da tantanin na kusa da shi da ya huda.

Zubin da na yi bayan wancan, an sake ɗauke wuta a kwana na 19, wajen sa'a 6. Na rufa bargo na bar hujin iska, na sa gora biyu ta ruwan ɗumi, na ja ƙofa na tafi kara. Sun fara fitowa da asubar kwana na 22. Yanzu ƙwan zabi 30 ne a ciki, yau kwanansu 11, jiya da dare na haska da ƙyar na ga jijiyoyi a 24.